Yadda Za a Karkasa Ɗalibai Wajen Koyar da Ƙa'idojin Rubutu

Da farko, malami ya yi wa ajin shifta ta kalmomi 20 ranar Litinin, sannan ya duba irin kuskuren kowane yaro, domin maki kaɗai ba ya nuna inda matsalar take.

Daga nan sai ya kasa su gida uku, wanda ya wadatar ko a makarantun firamare na birnin Kano da ajinsu kan cika maƙil. Masu rikita haruffa masu lanƙwasa a ba su katuna su ware baki da baƙi, kafa da ƙafa, suna furtawa da ƙarfi. Masu raba "yana" gida biyu su yi aikin haɗewa da rabewa. Waɗanda suka ƙware su tsara jimloli.

Ranar Alhamis a sake shifta, wanda ya ci gaba a sauya masa rukuni.