Yadda ake karɓar izinin jinyar wanda hankalinsa bai gama dawowa ba

Akwai majinyacin da ya fito daga dogon suma amma bai gama farfaɗowa ba, galibi bayan hatsarin mota ko bugun jini. Yau ya bi ku da ido, ya matse hannu in an ce ya matse, gobe shiru. Idan likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) suka ce za a huda maƙogwaronsa a sa bututun numfashi, ko a sa robar abinci ta ciki, wa zai ce an yarda?

Ku fara tambayar likita ko aikin na gaggawa ne. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi ba kowa taimakon gaggawa, saboda haka ceton rai ba ya jiran sa hannu.

In ba gaggawa, sai a gwada majinyacin kansa, lokacin da maganin barci ya sake shi kuma babu zazzaɓi. A cakuɗa tambayoyin da aka san amsarsu: "A Jos muke?" sannan "A Legas muke?" A maimaita a ranaku daban-daban. Masu amfani da ma'aunin CRS-R, wato gwajin auna farfaɗowa daga dogon suma, sukan so a yi aƙalla sau 5, don farkawar tana zuwa tana tafiya. Nan dangi suka fi ruɗewa. Matse hannu alamar sani ce, amma izini sai ya fahimci aikin da haɗarinsa, ya auna, ya tsaya kan amsa ɗaya. Kama yatsansa a dangwala a takarda kuwa neman shari'a ne kawai.

Idan ya gaza, dangi su fitar da wakili ɗaya, wanda ya fi sanin ra'ayinsa, ba lallai mai biyan kuɗin asibiti ba. Abin da za a tambaye shi: "Da yana magana, me zai ce?" A shari'ar Okonkwo ta 2001 Kotun Ƙoli ta tabbatar baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, don haka abin da ya faɗa yana lafiya ba a watsar da shi.

In matarsa da 'yan'uwansa suka sha bamban, a zauna da babban likita, sannan kwamitin ɗa'a na asibiti. Kotu ce ta ƙarshe.

Kowane babban aiki da izininsa daban, a rubuce, da kwanan wata da shaida. Ya ƙara warwarewa, a sake gwada shi kafin aiki na gaba.