Kai kaɗai a babban otel a Maraɗi: kurakuran da aka fi yi da maganinsu

A da, in ɗan kasuwa ya zo Maraɗi fatauci, ba ɗaki yake nema ba, mai masauki yake nema. Shi zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya raɗa masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Har gobe akwai masu yin haka. Sai dai yanzu baƙi da yawa otel suke nufa kai tsaye: ma'aikacin da aka turo aiki daga Yamai, malamin da ya zo Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, Alhajin Kano da ya zo ganin abokin ciniki, Hajiyar Damagaram da ta zo sari. Otel zai ba ka gado da sanyi da makulli. Abin da ba ya cikin kuɗin ɗaki shi ne mutumin da zai yi tambaya a madadinka. Yawancin kurakuran mai tafiya shi kaɗai daga nan suke tasowa: ya biya kuɗi mai nauyi, sai ya ɗauka kuɗin sun gama yi masa magana.

Tun daga kama ɗaki ake fara kuskure. Mutum ya ga hotuna a intanet, ya aika saƙo, ba a amsa ba, ya ce ai ba za a rasa ba. Manyan otel a Maraɗi ba su da yawan da za a yi musu wannan gangancin. Taron ƙara wa juna sani guda ɗaya, ko bikin gidan wani attajiri, ya isa ya cinye ɗakunan kirki, balle a ce gari ya karɓi gasar takobin kokowa, ko buki irin na 18 ga Disamba da aka yi nan a 2015, wato Maraɗi Kwalliya. Ka buga waya, ka ji sunan wanda ya amsa, ka sa ya rubuto maka kuɗin ɗaki da ranar zuwa ta WhatsApp. Ka kuma faɗa musu lokacin da kake sa ran isowa. Daga Yamai tafiyar ta haura kilomita 600, motar da ta tashi da asuba tana iya kai ka yamma liƙis, in ta sami matsala kuwa sai dare. Ɗakin da ba a ji ɗuriyar mai shi ba har bayan isha'i, wani ake ba.

A wurin karɓar baƙi za a miƙo maka takardar cikewa, wadda ake kira fish: suna, inda ka fito, inda ka nufa, lambar katin shaida ko fasfo. Wasu suna jin haushinta kamar ana tuhumarsu, har su rubuta abin da suka ga dama. Kada ka yi. Don jami'an tsaro ake cike ta, kuma in wani abu ya same ka, ita ce farkon abin da za a duba. Kuskuren da ya fi wannan shi ne barin katinka na ainihi a hannunsu ka fita gari. Su ɗauki hotonsa su mayar maka. Ko layin waya za ka saya, Airtel ko Moov ko Zamani, sai an nemi katin, balle a shingen bincike. Wanda ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa ya ƙara kula da wannan, don tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar Sedeyawo, wato ECOWAS, a Janairun 2025, ba dabara ba ce mutum ya dogara da “ai duk ɗaya muke”.

Yanzu ga inda kunya take cutar mutane. An ce ɗaki jikka kaza, ka zaro kuɗi ka biya kwana uku, sannan aka kai ka. Juya abin: a kai ka tukuna. Ba ƙauyanci ba ne, kuma ma'aikatan sun saba. Ka ce, “Malam, don Allah a nuna mini ɗakin in gani.” Da kun shiga, kunna kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka bar shi yana aiki, ka wuce banɗaki. Buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwan, ka ja ruwan masai, ka duba ko akwai bokiti da buta. In ka ga bokiti cike an ajiye a gefe, ya gaya maka labarin ruwan gidan ba tare da ka tambaya ba. In lokacin ɗari ne, Disamba zuwa Fabrairu, jira ka ji ruwan zafin da hannunka. Dawo ka tsaya gaban kilim: mai ƙara daban, mai sanyi daban. Ɗaga labule ka duba ragar taga, musamman daga Yuli zuwa Oktoba da sauro yake cin kasuwarsa. In akwai huda, a ba ka gidan sauro ko a canza ɗaki. Rufe ƙofa daga ciki ka gwada sakata. Sai ka leƙa ka ga me tagar take kallo. Ɗakin da ke jingine da zauren taro ko da ɗakin injin wuta, da rana lafiya lau yake. Duk wannan bai fi minti biyar ba, kuma kafin ka biya ne maganarka take da nauyi.

Zancen wuta ya cancanci a tsaya a kansa. Kaso mai yawa na lantarkin yankin Maraɗi da Damagaram daga Najeriya yake shigowa ta layin Katsina, shi ya sa da aka katse shi bayan juyin mulkin Yulin 2023 garin ya ji a jikinsa. Ko a lokacin lafiya, watannin Afrilu da Mayu, da zafi yake haura maki 40, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Baƙo yakan tambaya, “Kuna da gurup?”, wato injin wuta, a ce masa, “Akwai, Alhaji,” ya gamsu. Amsar gaskiya ce, tambayar ce ba ta cika ba. Abin tambaya shi ne: in an tayar da gurup, yana ɗaukar kilim, ko fitila da fanka kawai? Kuma yana kwana yana aiki, ko akwai ƙarfen da ake kashe shi? Wani wurin yana da sola, amma ita ma a tambayi me take ja da dare. Ɗan Najeriya kuma ya tuna da kan caja: a nan ramin bango mai baki biyu zagayayye ne irin na Faransa, caja mai ƙafa uku ta Kano ba ta shiga. Mahaɗinta ba tsada, amma da sha ɗayan dare ba inda za ka same shi.

Kuɗi. Nan ne baƙin Najeriya suka fi tuntuɓe, wani lokaci har da ƴan boko na gida da suka saba lissafi da Faransanci. A baki, da dala ake ƙirga sefa, kuma dala ɗaya faran 5 ce. In ɗan kabu-kabu ya ce maka “arba'in”, faran 200 yake nufi. In mai kilishi ya ce “ɗari”, takardar 500 ce. Jikka ɗaya ita ce 1,000. Otel kuwa a takarda da faran yake rubutawa. To ka ga mai karɓar baƙi zai iya ce maka jikka talatin, takarda ta nuna 30,000, duka daidai ne. Rikicin yana zuwa ne a ƙananan abubuwa, wanki, ruwan gora, kuɗin aike, inda kake jin “ɗari biyu” ka miƙa 200 alhali 1,000 ake nufi. In ka yi shakka, ce a buga maka lambar a waya. Kada kuma ka taho da naira kana sa ran otel ya canza maka. Ko ya yarda, ba a farashin ƴan canji ba. Katin banki ma kada ya zama shi ne kaɗai madogararka, na'urar takan ƙi, intanet yakan yanke. Ka riƙe tsabar da za ta kai ka kwana biyu, sauran a turo maka ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Al Izza in buƙata ta taso. Sannan ka fasa ƴar jikka goma tun a otel ko gidan mai, don ba mai adaidaitar da zai ba ka canjinta.

Tambayi abin da ke cikin kuɗin ɗaki da abin da ba ya ciki. Karin kumallo, wanda galibi burodi ne da ƙwai da shayi ko kofi, wani wurin kyauta ne, wani wurin a kanka. Lemon da ke cikin ƙaramin firji ba tukuici ba ne. Ka ji ko akwai wani haraji da ake ɗorawa a kan kowane dare.

Abincin otel yakan ɗauki lokaci, don sai ka yi oda ake ɗora tukunya. Mai dabara yakan faɗi abin da yake so kafin ya fita sallar magariba. Amma a ganina, wanda ya zo Maraɗi ya ƙare kwanakinsa a kan soyayyen dankali da kaza na otel ya cuci kansa, ga balangu, ga gasasshen zabo, ga fura da nono, ga kwaɗon zogale. Sharaɗin ɗaya ne: kada ka haɗa su duka a daren farko. Mai tafiya da abokai in ciki ya juya masa akwai mai kai shi likita. Kai kuwa daga kai sai ƙofar da ka sa wa sakata. Ci mai zafi, sha ruwan da ka ɓalle murfinsa da hannunka, ka ajiye lambar wurin karɓar baƙi a wayarka, ba a wayar ɗaki kawai ba.

Akwai wasu kurakurai biyu da suke kishiyar juna. Na farko sakin baki. Kaɗaici yana sa surutu, sai ka ga mutum zaune a falon otel yana waya da ƙarfi, yana lissafin tirela nawa, miliyan nawa, gobe ƙarfe nawa zai je karɓo kuɗi. Maraɗi garin ciniki ne, kunnuwa a buɗe suke, kuma ba duk mai babbar riga a falo ne ya kama ɗaki ba. Wayar kuɗi a ɗaki ake yinta. Wanda ka sani jiya-jiya, ku gana a falo ko gidan abinci, kada ka ce masa “hawo, ina lamba kaza”. Hajiya da ke tafiya ita kaɗai, wannan ya fi shafarki: ki roƙi ɗakin da ba ya can ƙuryar baya, ki gaya musu kada a faɗa wa kowa lambar ɗakinki, duk mai nemanki a kira ki ki sauko. In an ƙwanƙwasa da dare an ce ma'aikaci ne, ki buga ƙasa ki tabbatar kafin ki buɗe. Ba wanda zai ga laifinki.

Na biyun shi ne ɗaurin kai. Mutum ya shige ya fito ba sallama, yana kallon ma'aikata kamar kujeru, wai shi ya biya. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, to ga ƴan jagora a bakin ƙofa ka wuce su. Tsaya wurin maigadi: “Baba, ina kwana, ya aiki, ya iyali?” Shi ya san ɗan kabu-kabun da ba ya gudu, da mai adaidaitar da za ka riƙe lambarsa har ka bar gari. Shi zai gaya maka nawa ake biya zuwa Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ya tuna maka Litinin da Juma'a ne cin babbar kasuwa don ka fita da wuri, kuma ranar Juma'a ma'aikatun gwamnati ba sa kai wa yamma. Ɗan abin goro ga mai share ɗaki a rana ta farko ya fi wanda za ka bayar ranar tafiya amfani. In za ka fita, bar magana: na tafi wuri kaza, zan dawo kafin isha'i. Haka ma wani naka a gida ya san sunan otel ɗin.

Wannan ya fi muhimmanci in fitar ta wajen gari ce. Tibiri tana nan kusa, tafkin Madarunfa ma abin gani ne, amma wasu yankunan Madarunfa da Gidan Rumji da ke bakin iyaka sun sha fama da ƴan bindiga masu satar shanu da mutane. Kada ka tsara tafiyar da taswirar waya. Tambayi ƴan gari halin da ake ciki a wannan makon, ka je da wanda aka sani, ka dawo da sauran rana.

Ranar tashi kuma, ƙa'idar yawancin otel sha biyun rana ce. Ka wuce ta ba ka yi magana ba, a rubuta maka wani kwanan. In motarka ta yamma ce, ka nemi alfarma tun da safe, ko ka sauke jaka a ajiye maka. In ta asuba ce, ka gama lissafi tun da dare, don mai riƙe da kuɗi ba lalle ya kwana a wurin ba, kuma ka shirya wanda zai kai ka tasha tun jiya. Karanta faktir, wato takardar lissafin kuɗi, layi-layi, ka haɗa da ƙananan takardun gidan abinci da ka sa wa hannu. Wanda ma'aikatarsa za ta mayar masa da kuɗi ya tabbatar an rubuta sunan da ya dace, da ranaku, an buga tambari an sa hannu, don in ya isa Yamai babu su, akanta ba zai karɓa ba.