Matakan Ɗaukar Hoton Ɗan Tsuntsun Tsaunukan Asir

Mazauna Jidda masu zuwa Abha hutu, ku nemi Curruca buryi, ɗan tsuntsu mai launin toka da farin ido. A tsaunukan Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya kaɗai yake.

1. Ku fita bayan sallar asuba zuwa wajajen Tanuma, wani gari a arewacin Abha, da rigar sanyi.

2. Ku bi gefen rafi inda itatuwan ƙaya suka yi duhu.

3. Ku zauna shiru, ku kasa kunne. Kukansa ke tona shi, don cikin rassa yake kiwon ƙwari, ba ya son fili. Masu kunna masa kuka a waya takura shi suke yi.

4. Rana a bayanku, ku saita kyamara kan idonsa, ku ɗauka da yawa a jere.