Darasi na Tara: Duba Gida da Kyamarar da ke Ganin Zafi

Mai sayar da gida ya san amfanin fenti. Kafin masu saye su zo, sai a shafe bangon da ya jiƙe, a canza soket ɗin da ya yi baƙi, a liƙe tsagar silin. Mai saye ya zaga ɗakuna, ya ga komai fes, ya biya. Sai damina ta faɗi gaskiya ta fito. Akwai na'urar da ke taimaka wa mutum ya gano irin wannan ɓoyayyen aibi tun kuɗinsa na aljihu: kyamarar zafi.

Kowane abu yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, ana kiransa infirared. Gwargwadon zafin abu, gwargwadon hasken da yake fitarwa. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800. Ya rarraba hasken rana zuwa launuka da gilashi mai kusurwa uku, ya aza ma'aunin zafi a kan kowane launi, sai ya tarar zafi ya fi yawa a gefen ja, inda ido ba ya ganin launi ko ɗaya. Kun san 'yar na'urar da ake saita wa mutum a goshi a ƙofar banki lokacin korona a 2020. Da wannan hasken take aiki, sai dai wuri ɗaya tak take aunawa. Kyamarar zafi kuwa tana auna dubban wurare a lokaci guda, ta haɗa su su zama hoto. Yawanci wuri mai zafi yakan fito fari, ja ko ruwan ɗorawa, mai sanyi ya fito shuɗi. Kamfanoni irin su FLIR da Fluke na ƙera ta, har da ƙarama wadda ake maƙalawa a jikin wayar hannu.

Ku riƙe wannan da kyau: kyamarar ba ta ganin cikin bango. Zafin fuskar bango kawai take aunawa. Duk wanda ya ce muku tasa tana hango bututu ta cikin bulo, ciniki yake nema. Abin da ke ciki sai ya ɗumama fuskar bangon ko ya sanyaya ta sannan zai bayyana.

Neman ruwa

A nan ne kyamarar ta fi amfani, a nan ne kuma ta fi rikita wanda bai ƙware ba. Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa: jikinta yana tsattsafo, iska na busar da danshin, zafi na tafiya tare da shi. Haka jiƙaƙƙen bango yake. Ko fenti ya rufe tabon, wurin zai ɗan fi maƙwabtansa sanyi, ya fito shuɗi, da gefe marar tsari, sau da yawa yana gangarowa ƙasa. A duba ƙasan taga, bangon da ke bayan banɗaki, kusurwar silin, da gindin bango inda laima ke hawowa daga ƙasa.

A saman rufin kankare kuma abin juyawa yake yi. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa. Rana ta gasa rufin tun hantsi. Bayan magariba busasshen wuri zai huce da wuri, wanda ya sha ruwa ya ci gaba da riƙe ɗumi. Don haka ruwan da ya fito shuɗi a cikin ɗaki yana iya fitowa ja a saman rufi. Mai dubawar da ya ce da ku "ja wuta ne, shuɗi ruwa ne" ya tsaya nan, bai gama koyon aikin ba.

Ga wata dabara. In tankin ruwa na sama ya sha rana, a buɗe famfo na ɗan lokaci da la'asar. Ruwan ɗumin yakan zana hanyar bututu a jikin bango ko ƙarƙashin tayil, inda yake yoyo kuma ɗumin ya bazu ya yi faɗi. Gara ma takan tona kanta, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasar da take shigarwa cikin katako.

Wayarin wuta

Waya mai sako-sako a mahaɗa tana yin zafi tun kafin ta fara wari. Amma sai wuta na bi ta cikinta, saboda haka in an ɗauke wuta babu abin da za a gani. A kunna kaya masu jan wuta, kamar dutsen guga, hita, firji da injin tura ruwa, a ba su mintuna. Mai gyaran wuta ne kaɗai zai buɗe murfin akwatin fis, don kyamara ba ta gani ta cikin ƙarfe. In zafin ya taru a kan ƙusa ɗaya yana raguwa a tsawon wayar, mahaɗar ce ta saki ko ta yi tsatsa. In wayar duka ta yi zafi bai ɗaya, kaya sun yi mata yawa ko kuwa siririya aka sa. Kada a manta da makunnin da ke canza wuta zuwa janareta, da kawunan batirin sola.

Abin da ke yaudarar kyamara

Gilashi, tayil mai sheƙi da kwano mai ƙyalli suna mayar da zafin abin da ke gabansu. Mai dubawa yana iya ganin ɗumin jikinsa a taga ya ɗauka matsala ce. In ya gusa gefe tabon ya bi shi, ba komai ba ne. Bangon da rana ta gama duka ma yana ɓoye ƙananan bambance-bambance, shi ya sa asuba da bayan faɗuwar rana suka fi tsakar rana. In kuma ana neman inda zafi ke shigowa ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ana son bambancin ciki da waje ya kai kamar digiri 10.

Launi a hoto zato ne kawai. Kada a fasa bango saboda shi. A ɗora ma'aunin danshi a wurin, ko mai aikin famfo ko mai gyaran wuta ya tabbatar. Ku kuma nemi a ba ku hoto biyu na kowane wuri, na zafi da na kyamarar yau da kullum, a rubuta lokacin da aka ɗauka da digirin da aka samu, don ku sami abin nunawa in an zauna ciniki.

Aikin gida

Rubuta amsa a littafinka. Me ya sa jiƙaƙƙen wuri ke fitowa da sanyi a cikin ɗaki amma da ɗumi a saman rufi bayan magariba? Sannan ka zaga gidanku, ka rubuta wurare uku da za ka so a saita wa kyamarar, da lokacin da ya dace da kowanne.