Yadda Ake Shiga Kwale-kwale a Tafkin Bosomtwe

'Yan'uwa daga Zango sun yawaita tambaya kan fitar ƙarshen mako zuwa wannan tafki, mai nisan kimanin kilomita 30 daga Kumasi.

1. Ku hau mota da sassafe zuwa Kuntanase, sannan ku gangara Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin.
2. Ku daidaita kuɗi da ɗan jagora tun kuna kan tudu.
3. Ku ɗaura rigar kariya, ko kun iya iyo.
4. Ku taka tsakiyar kwale-kwalen a sunkuye, ɗaya bayan ɗaya.

Hattara: a nan ake yawan kifewa, domin wanda ya taka gefe ko ya miƙe ɗaukar hoto yakan zubar da kowa, alhali zurfin tafkin ya haura mita 70.

5. Ku juyo gaɓa da zarar hadari ya haɗo.