Yadda ake koya wa yara darajar gurbin lamba da karan gero

Yaron da aka ce ya rubuta ɗari da biyar ya rubuta 1005, ya iya ƙirga sarai. Abin da ya ji shi ya zuba a allo: 100, sannan 5. Bai gane cewa gurbin da lamba ta zauna shi ke ba ta daraja ba. A ajin CP da CE1, wato aji biyu da aji uku na firamare a Nijar, ake gyara wannan, kuma da hannu ake farawa, alli ya biyo baya.

Bayan girbi kara ba ya wuya a Tahoua. A samo sirara, a yanka su tsawon yatsa. A raba yara shida-shida, kowane rukuni a ba shi kara 130 da zaren roba 15 da aka yanko daga tsohuwar robar cikin tayar keke.

Ranar farko babu rubutu. Malam ya ce a ware kara 23, a ƙirga goma a ɗaure, a sake ƙirga goma a ɗaure. Dami nawa? Biyu. Saura nawa? Uku. A yi ta canza adadi. Malam ya riƙa kwance dami yana dubawa, don ana samun mai tara ko sha ɗaya, kuma dami guda da ya kauce ya ɓata lissafin duka.

Sai a ja layi a tsakiyar allon kowane yaro. Dama ɗakin ɗai-ɗai ne, a sa U (unités da Faransanci); hagu ɗakin dami, a sa D (dizaines). Doka guda ce: ɗaki ba ya ɗaukar abin da ya wuce tara. A riƙa ƙara kara ɗaya-ɗaya, da ya kai goma a ɗaure, damin ya ƙaura hagu. A nan ya kamata a daɗe, musamman daga 9 zuwa 10 da 19 zuwa 20, domin a nan yaro ke ganin ɗakin dama ya koma fanko, a rubuta 0. Daga nan a kira yara biyu gaba, ɗaya ya ɗauki 23, ɗaya 32, aji ya faɗi wa ya fi yawa da dalili.

In dami ya kai goma, a haɗa su babban dami, a buɗe ɗaki na uku, na ɗari-ɗari, a sa C (centaines). Yanzu 105 ya zama babban dami ɗaya, ɗakin tsakiya babu kowa, kara biyar.

Kada a fara da kuɗi, ko da yake su ne a kusa. Yaron da ake aika kasuwa da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa 5 F ce (F na nufin kuɗin sefa): a wurinsa goma 50 F ce, ashirin 100 F. Ka ɗaga masa tsabar da aka rubuta 100 ka ce ɗari, shi ɗari a kansa 500 F ce. A bar kuɗi sai gurbi ya zauna.

Faransanci ma da nasa tarko daga 70 zuwa 99. Yaro ya ji soixante-dix (70) ya rubuta 6010, ya ji quatre-vingts (80) ya rubuta 420. Kafin ya taɓa alli, ya jera dami bakwai, ya faɗa da Hausa, saba'in, ya rubuta 70, sannan a ba shi sunan Faransanci.

Gwajin ƙarshen mako gajere ne: a rubuta 44, a nuna 4 na hagu, a ce ya kawo karansa. In ya kawo kara huɗu, a mayar da shi ɗaurin dami.