Yadda za ka koyar da sauyawar wata da husufi da lemo da tocila kawai

Malamai 'yan uwa masu koyar da kimiyya a firamare da ƙaramar sakandare, ku gwada tambayar yaranku me ya sa wata ke fitowa siriri, ya yi ta girma har ya cika, sannan ya koma yana ramewa. Yawancinsu za su ce inuwar duniya ce ke rufe shi. Kuma gaskiya ba laifinsu ba ne, mun saba zana musu da'ira takwas a allo su kwafa su haddace su zuba a jarrabawa shi ke nan. Wannan darasin sai yaro ya riƙe watan da hannunsa sannan yake zama a kansa.

Da farko ka tanadi lemo wanda ba a fere ba, ko da guda biyar ne sai ka raba su rukuni-rukuni, a soke kowanne da fensir ko tsinke don a samu mariƙi. Sai tocila mai ƙarfi ko fitilar sola da ta sha caji. Ka rufe tagogi da kwali ko zannuwa, don in haske na shigowa ta ko'ina ba abin da za a gani, haske ɗaya tal ake so a ajin.

Ka ɗora fitilar a kan tebur daidai tsayin kan yara, ka ce musu wannan ita ce rana, lemon shi ne wata, kan yaron da ke riƙe da shi kuma shi ne duniya. Ka maimaita musu wannan na ƙarshen sosai fa, don nan suke rikicewa. Yaro ya miƙe hannu, lemon ya ɗan ɗara kansa tsayi, ya fuskanci fitila. Me ka gani? Zai ce baƙi ne. To wannan shi ne ƙarshen wata lokacin da ba a ganinsa. Sai ya juya hagu a hankali da shi da lemon gaba ɗaya, nan take zai ga siririn haske a gefe, ga jinjirin wata ke nan. Ya ci gaba har fitila ta koma gefen damansa, rabi ya haskaka, daren bakwai. In ya ba fitila baya lemon ya haskaka duka, daren sha huɗu. Daga nan kuma sai raguwa har ya dawo inda ya fara.

Ga wurin da nake so ka daɗe. Duk inda yaron ya tsaya, ka tambayi sauran da ke zaune a gefe, ku nawa kuka ga ya haskaka a jikin lemon? Za su ce rabi. Ya juya, ka sake tambaya, rabi dai. Mai riƙe da lemo na cewa siriri, na gefe na cewa rabi, ka bar su su yi ta gardama kar ka yi saurin raba su, da kansu za su gano cewa kullum rabin wata a haskake yake, abin da ke sauyawa shi ne yawan wanda muke hangowa daga inda muke. Kuma ka nuna musu cewa lokacin jinjirin inuwar kan yaron tana can bayansa, ko kusa da lemon ba ta zo ba.

Yanzu sai lissafi. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 ne da rabi, shi ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30, wata 12 ya ba da kusan kwana 354, ya gaza shekarar miladiyya da wajen kwana 11. Ka tambaye su me ya sa azumi ke zuwa wani lokaci a sanyi wani lokaci a bazara, su lissafa da kansu.

Husufi kuma ai ka riga ka gama rabin aikin. Yaro ya ba fitila baya ya sauke lemon cikin inuwar kansa, husufin wata ke nan, shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika. Ya fuskanci fitila ya rufe ido ɗaya ya tare ta da lemon, husufin rana, shi kuma sai a ƙarshen wata. Rana ta fi wata faɗi wajen sau 400 amma kuma ta fi shi nisa wajen sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta ruf, kamar yadda aka gani ranar 29 ga Maris 2006 da gari ya yi duhu da rana a Gusau da Katsina. Ka sa su tambayi iyayensu a gida, da yawa suna tune.

Wani mai kaifin basira zai ce, Malam to me ya sa ba a yin husufi duk wata? Ka fita da su fili. Ƙwallon ƙafa ita ce duniya, ƙaramin lemo shi ne wata, ka ce su ajiye shi inda suke zaton yake, za ka ga sun sa shi kusa-kusa. Sai ka ja shi har mita 6 da rabi, don nisan wata wajen kilomita 384,000 ne, kamar a jera duniya 30. Hanyar wata kuma a karkace take da kusan digiri 5, wanda a wannan awon ya kai sama da rabin mita sama ko ƙasa da ƙwallon, don haka galibi inuwar wucewa take yi ba ta same shi ba.

Aikin gida kuwa, daga daren biyu ga wata zuwa sha huɗu kowa ya tsaya wuri ɗaya a tsakar gida bayan sallar magariba ya zana watan da inda yake. Kullum zai matsa gabas da wajen digiri 12 zuwa 13, wato ɗan fiye da faɗin dunƙulen hannu in an miƙe shi. Za su lura jinjirin namu a kwance yake kamar ƙwarya, ba a tsaye irin na hoton littafi ba, saboda muna kusa da ikweta, layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. In ajinka ba ya yin duhu kwata-kwata, ka jira wajen 21 ko 22 ga wata, da ƙarfe takwas na safe wata na nan a sama ta yamma, su ɗaga lemon a rana saitin watan, siffar da ke jikin watan ita za su gani a jikin lemon.

Don Allah ka ja musu kunne, ba a kallon rana kai tsaye ko da ana husufi, baƙin gilashi ko fim ɗin hoton asibiti ba sa kare ido. A huda ƙaramin rami a kwali, a ba rana baya, a kalli hoton da ya faɗa kan farar takarda.